Homiyofati: Ƙwayar ce ke Aiki ko Zaman da Likita?

Auwalu Kolkata:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga likitocinmu ce da masu harkar magani, amma don Allah hujja nake so, kada a ce min "ai an ce". A nan Indiya homiyofati ba abin ɓoye ba ne. Tun 2014 gwamnati ke da ma'aikata sukutum, AYUSH, mai kula da shi tare da sauran hanyoyin maganinsu. Shekara biyar da rabi ake karatunsa a fito da digiri, dakunan shan maganinsa kuwa ba sa rabo da layi. Sannan na ci karo da binciken da aka yi a asibitin homiyofati na Bristol a Ingila, wanda aka buga a 2005: marasa lafiya 6,544 cikin shekara shida, kashi 70 cikin 100 suka ce sun samu sauƙi. Mutane ne da suka zo da ciwonsu na yau da kullum, likita ya duba su kamar yadda aka saba. To idan abin ba ya aiki kamar yadda wasu ke cewa, duk waɗannan ƙarya suka shirga?

Baba Tanko:
Wa alaikumus salam. Ku yi mana a hankali 'ya'yan nan. Shi wannan abin maganin gargajiyar Turawa ne, irin su sassaƙe da saiwa?

Malam Habu Kimiyya:
A'a Baba, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Sassaƙe da saiwa akwai sinadari a cikinsu, ko ya yi amfani ko ya yi illa. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi. Maganin maleriya da muke sha yanzu daga ganyen dangin tazargade aka ciro shi, har 'yar ƙasar Sin da ta gano shi, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Homiyofati daban ne.

Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya fito da shi a 1796. Ya taɓa cin ɓawon itacen da ake yin kwinin da shi yana lafiya lau, sai ya ji alamu irin na zazzaɓi. Daga nan ya yanke cewa duk abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama, shi zai warkar da mai ciwon da ke da wannan alamar. Albasa na sa hawaye da yoyon hanci, saboda haka albasa ce maganin mura. Ƙa'ida ta biyu ita ce sirki. A ɗauki ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa, a jijjiga da ƙarfi, wannan shi ne 1C. A ɗauki ɗigo ɗaya daga nan a sake zubawa cikin 99, ya zama 2C. Haka za a yi ta yi. Wanda aka fi sayarwa 30C ne, wato sau talatin. Kuma a wajensu, iya yawan sirkin iya ƙarfin maganin.

Lissafin ba shi da wuya. Da an kai 12C an raba abin gida ɗaya mai sifili 24 a bayansa, daga nan da wuya ka samu ko ƙwayar sinadari guda ta asalin abin a cikin kwalbar. 30C kuwa sifili 60 ne. Wannan ruwan ake ɗigawa a kan 'yan ƙwayoyin sukari a busar. Kai su kowane ɗakin awo na duniya, sukari za a ce maka.

Baba Tanko:
Ikon Allah. Mai shayin unguwarmu ma bai kai nan wajen tsinka madara ba.

Auwalu Kolkata:
Malam, na san wannan lissafin, su ma ba sa musun sa. Cewa suke ruwan na riƙe tasirin abin da ya ratsa shi. Ni ba yadda yake aiki na tambaya ba. Asfirin ma an daɗe ana sha kafin a san yadda yake aiki a jiki. Mutum 6,544 nake magana.

Malam Habu Kimiyya:
Maganar ruwa mai riƙe tasiri an gwada ta. Wani mai bincike Bafaranshe, Jacques Benveniste, ya buga ta a mujallar Nature a 1988. Editan mujallar, John Maddox, ya tafi ɗakin gwajin da kansa shi da mutum biyu, aka ɓoye wa masu ƙirga sakamakon wace kwalba ce wace, abin ya ɓace. Amma gaskiyarka a kan asfirin, in har abu na aiki rashin sanin dalili ba ya soke shi. Sai dai a fara nuna yana aikin. Na bar wa Dakta Bristol ɗinka.

Dakta Sa'a:
Auwalu ƙanena, ba ƙarya suka yi ba, kuma na yarda da yawansu sun ji sauƙi. Amma duba yadda aka tattara lissafin. Waɗanda suka dawo ganin likita karo na biyu da na uku su aka ƙirga. Wanda ya sha ƙwayar bai ga komai ba ya koma wani wajen, ba ya ciki. A gaban likitan da ya ba ka maganin ake tambayarka "yaya jiki?", mutumin da ya zauna da kai ya saurare ka. Mu nan mun san amsar, ko mutum na jin jiki "da sauƙi" zai ce. Babbar matsalar kuma ita ce babu wani rukuni da aka ajiye gefe ba a ba su ƙwayar ba, balle a kwatanta.

Wannan na ƙarshen shi ne komai. Mutum ba ya zuwa asibiti ranar da yake jin daɗi, sai ranar da abin ya yi tsanani. Cututtukan da ake kai wa masu homiyofati kuwa galibi masu tashi da kwanciya ne: ƙaiƙayin fata, asma, ciwon kai na ɓari ɗaya, ciwon gaɓɓai, kumburin ciki, rashin barci. In ka kama mutum a ranar da ciwonsa ya kai ƙololuwa, ko me ka ba shi, bayan wata biyu akasari za ka same shi ya fi yadda ya zo. Yara da yawa suna girma ƙaiƙayin fata ya sake su da kansa. Ga shi yawancin waɗannan mutanen ba su daina shan maganin asibiti ba. To a cikin kashi 70 ɗin nan, nawa ne na ƙwaya, nawa ne na lokaci, nawa ne na inhela da man shafawar da suke amfani da su tun da can? Binciken ba shi da hanyar rabewa. Wani makamancinsa da aka yi a Jamus da Suwizalan da mutum kusan 4,000 shi ma haka yake, kowa ya samu sauƙi, babu wanda aka kwatanta su da shi.

Hajiya Maman Ummi:
Dakta, da girmanki, amma gani ya kori ji. 'Yata tun tana goye take fama da ƙaiƙayi a gwiwar hannu da bayan gwiwa, ta sosa har jini ya ɓata zanen gado. Asibiti kullum man shafawa, in an daina ya dawo. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani likitan homiyofati lokacin da muka je Indiya duba mahaifiyata. Wallahi sama da awa guda yana yi mana tambayoyi. Me take ci, wane sabulu, tana jin zafi ko sanyi da dare, ta wane gefe take kwanciya, me ke sa ta kuka. Ya ba mu 'yan ƙwayoyi farare a ƙaramar kwalba, ya ce a daina sabulu mai ƙamshi da turaren wuta a ɗakinta, a riƙa shafa mata mai sau uku a rana. Yau fatarta sumul.

Dakta Sa'a:
Alhamdu lillahi Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Sake karanta layinki na kusa da ƙarshe. Daina sabulu mai ƙamshi da yawan shafa mai, su ne farkon abin da likitan fata zai ce a yi. Bambancin, shi ya samu awa guda ya fahimtar da ke har kika bi, mu kuma a nan Ingila minti goma ake ba mu kan kowane mara lafiya.

Hajiya Maman Ummi:
To ai kin faɗa da bakinki. Shi ya warkar, ku ba ku warkar ba.

Dakta Sa'a:
Ban musa ba cewa zaman ya yi amfani. Har an raba biyun an gwada. A Southampton an ɗauki mutum 83 masu ciwon gaɓɓai mai kumburi, dukkansu suna kan maganinsu na asibiti. Wasu aka yi musu dogon zama irin na homiyofati, wasu ba a yi musu ba. Wasu aka ba su ƙwayar homiyofati, wasu ƙwayar wofi mai kama da ita, ba tare da sun san wacce suka samu ba. An buga sakamakon a 2011. Waɗanda aka yi wa zaman sun fi samun sauƙi a wasu daga cikin abubuwan da aka auna. Ƙwayar kuwa, ta gaske da ta wofi duk ɗaya. Kuma masu binciken ba maƙiyan homiyofati ba ne.

Ɗan Maraɗi a Lyon:
Salamu alaikum. Ni ina zaune a Lyon ta Faransa, yankin da babban kamfanin homiyofati, Boiron, yake. Nan kowace farmasi ka shiga za ka ga 'yan bututun nan masu launi jere, lokacin sanyi kuwa maganin murarsu Oscillococcinum kamar a yi rabo, wanda daga hanta da zuciyar agwagwa ake farawa a sirka sau 200. Da can inshorar gwamnati na biyan kashi 30 cikin 100 na kuɗinsu in lokotoro ya rubuta. A 2019 hukumar da ke tantance magunguna ta duba hujjojin ta ce ba su isa ba. Ministar lafiya Agnès Buzyn ta rage zuwa 15 a 2020, daga Janairun 2021 aka daina biya gaba ɗaya. An yi hayaniya ƙwarai, an tara sa hannun mutane fiye da miliyan. Ba a hana sayarwa ba, amma wanda ke so ya biya da aljihunsa.

Auwalu Kolkata:
Suwizalan fa? Maƙwabtanku ne, kuma inshorarsu na biya.

Ɗan Maraɗi a Lyon:
Ƙuri'a ce ta kawo wannan. A 2009 kashi 67 cikin 100 suka zaɓi a sa irin waɗannan hanyoyin magani cikin tsarin mulki. Abin da jama'a ke so ke nan, ba sakamakon gwaji ba.

Malam Habu Kimiyya:
Haka na Indiya. Kafa ma'aikata shawarar siyasa ce da tarihi. Ita dai wannan ma'aikatar ce a Janairun 2020 ta ba da shawarar shan maganin homiyofati Arsenicum album 30 don kariya daga korona, tun cutar ba ta wata biyu da bayyana ba. Da wane gwaji?

Auwalu Kolkata:
To bari in kawo na tarihi. Annobar kwalara ta Landan a 1854. A asibitin homiyofati kusan kashi 16 cikin 100 suka rasu, a asibitin Middlesex na sauran likitoci fiye da rabi. Wannan ba "yaya jiki" ba ce, gawa aka ƙirga.

Dakta Sa'a:
Lissafin haka yake a rubuce, kuma shi ya ɗaukaka homiyofati a wancan zamanin. Amma tambayi me likitocin lokacin ke yi wa mara lafiya. Tsaga jijiya a zubar da jini, a ba shi maganin zaiba, a ba shi na amai da na gudawa. Mutumin da ruwan jikinsa ke ƙarewa! Duk wanda ya ƙyale shi ya ba shi ruwa da shimfiɗa mai tsabta dole ya fi su. Hahnemann ya yi gaskiya da ya ƙi wannan ta'asar, ina ba shi wannan. Yau mai kwalara da ya samu ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa a kan lokaci, waɗanda ke rasuwa ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Da wannan za ka kwatanta 16 ɗin.

Gwaje-gwajen da ake ɓoye wa likita da mara lafiya wace ƙwaya ce wace, an yi su da yawa. A 1997 mujallar Lancet ta buga nazarin da ya haɗa 89 daga cikinsu, ya nuna kamar akwai ɗan tasiri, har yau shi masu homiyofati ke ɗagawa. Wanda ya jagorance shi, Klaus Linde, daga baya ya ce da alama sun kambama sakamakon, domin gwaje-gwajen da suka fi inganci sun fi nuna ƙarancin tasiri. A 2005 aka jera gwaji 110 na homiyofati da 110 na maganin asibiti. Da aka tace manya masu inganci, na asibiti ya tsaya, na homiyofati ya yi daidai da ƙwayar wofi. Hukumar binciken lafiya ta Ostareliya a 2015 ta duba bincike 176 a kan cututtuka 61, ba ta samu ko ɗaya da ke da hujja abin dogaro ba. Ingila ta ce wa likitocinta su daina rubuta shi a 2017.

Auwalu Kolkata:
Na 2005 ɗin gwaji takwas kacal suka rage bayan tacewar. Na Ostareliya kuma an soke su da cewa sun raina duk binciken da bai kai mutum 150 ba.

Dakta Sa'a:
Duka biyun gaskiya ne, kana karatu. Amma tambayi kanka: bayan shekara 200, me ya sa manyan gwaje-gwaje masu kyau ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma me ya sa kullum iya kyan gwajin iya ƙanƙantar tasirin? Maganin da ke aiki ba ya tsoron babban gwaji.

Isiyaku Mai Kemis:
Ku bar ni in shigo ta wata ƙofa, don ni a kanta nake wuni. Uwa ta zo da yaro mai mura ta kwana biyu, ba zazzaɓi, yana wasa. Ka ce ta ba shi ruwa da abinci ya huta, sai ta kalle ka kamar ka zage ta, ta tsallaka shagon gaba a haɗa mata antibayotik kala biyu da sirof. A Faransa an yi wani babban bincike mai suna EPI3 a wajen likitocin unguwa, aka ga masu zuwa wajen likitocin homiyofati da mura da ciwon maƙogwaro kusan rabin antibayotik ɗin sauran suke sha, kuma warkewarsu ɗaya. Na san kamfanin Boiron ne ya biya kuɗin binciken. Duk da haka, in ƙwayar sukari za ta hana a ɗirka wa yaro antibayotik a banza, ni ina ganin ta yi rana.

Malam Habu Kimiyya:
Abin da binciken ya nuna shi ne rabin antibayotik ɗin can dama ba a buƙatarsa. Kuma masu zaɓar irin waɗannan likitocin tun asali mutane ne da ba sa son shan magani.

Isiyaku Mai Kemis:
Malam, kai a aji kake. Zo ka faɗa wa uwar yaron haka da ƙarfe tara na dare.

Nas Rabi:
Yaya Isiyaku, ni na tsaya gaban irin wannan uwar a ɗakin yara, kuma ban yarda da kai ba. Ranar da ka koya mata cewa farar ƙwayar nan ce ta warkar da murar, ka ba ta imani da ita. Ranar da zazzaɓi ya zo ita za ta ɗauko. A Faransa in an yi kuskure akwai motar asibiti cikin mintoci. A nan zazzaɓin yaro ɗan shekara biyu maleriya ce sai in gwaji ya ce ba ita ba, kuma kwana biyu na jira ya isa a kawo shi yana jijjiga, tafin hannunsa fari fat, muna neman jini. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a yi amfani da homiyofati wajen maleriya, tarin fuka, ƙanjamau da gudawar jarirai.

Dakta Sa'a:
Ƙara da wannan, Rabi. A 2011 an gwada masu asma a Amurka. Da aka ba su inhela ta gaske da ta wofi, jin sauƙin da suka faɗa da baki kusan ɗaya ne, 50 da 45 cikin 100. Da aka sa su hura na'urar awon numfashi, ta gaske ta buɗe huhu da kashi 20, ta wofi kashi 7, daidai da wanda ba a ba shi komai ba. Mutum na jin ya samu sauƙi alhali ƙirjinsa a toshe yake. Wannan ne ke ba ni tsoro da duk lissafin da aka gina a kan abin da mara lafiya ya faɗa kawai.

Baba Tanko:
Ni wata tambaya ce ta dame ni. An ce min da giya ake jiƙa shi.

Malam Habu Kimiyya:
Da ruwa da sinadarin barasa ake sirkin, Baba. Na ƙwaya yana bushewa, amma na ɗigawa a kwalba da shi ake sayarwa. Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba.

Hajiya Maman Ummi:
To ko ba komai ba ya cutarwa, tunda kun ce sukari ne.

Isiyaku Mai Kemis:
Nan kam Hajiya sai an yi hattara. Ba duk abin da aka rubuta wa homiyofati ne aka sirka har ya ƙare ba. A Amurka hukumar magunguna ta yi gargaɗi a 2009 kan wani maganin mura na fesawa a hanci mai sinadarin zinc, bayan mutane sun yi ta kai ƙarar sun daina jin ƙamshi. A 2017 ta auna ƙwayoyin homiyofati da ake ba jarirai lokacin fitar haƙora ta tarar gubar tsiron belladonna a ciki ba daidai take ba, wata ƙwayar ta zarce abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Wanda ake sayarwa a leda babu lambar NAFDAC kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Nas Rabi:
Ka ga kai ma ka dawo hanya.

Isiyaku Mai Kemis:
Ban dawo ba. Har yanzu babu wanda ya gaya min abin da zan miƙa wa uwar nan ta fita ba tare da ta tsallaka shagon gaba ba.

Dakta Sa'a:
Ka duba yaron a gabanta, da gaske, ta ga ka duba. Sa masa ma'aunin zafi, ƙirga numfashinsa, in jikin da ɗumi yi masa gwajin maleriya na yatsa. Ka ba ta ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, in ya haura shekara ɗaya cokalin zuma da dare don tarin, farasitamol daidai nauyinsa in yana jin jiki. Sannan ka lissafa mata abin da in ta gani ta taho ko tsakar dare ne: numfashi da sauri ko haƙarƙari na shiga ciki, ƙin nono ko ruwa, zazzaɓi, yawan barcin da ba a iya tashinsa. Ka ce ta dawo jibi ka sake ganinsa kyauta. Wasu za su tsallaka duk da haka, na sani.

Isiyaku Mai Kemis:
Wannan minti ashirin ne Dakta, ribarsa ba ta kai ta kwalbar sirof ɗaya ba, ga mutum shida a tsaye suna jira.

Nas Rabi:
Horar da yaron shagonka ya riƙa yin awon zafi da gwajin yatsan, kai ka yi maganar. A wajenmu haka muke raba aikin ranar da layi ya kai bakin ƙofa.

Isiyaku Mai Kemis:
Gwajin yatsan zai iya. Ƙirga numfashin ne sai na zauna da shi. Nawa ne a minti ga ɗan shekara biyu?

Nas Rabi:
Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Ya ƙirga minti guda cur yaron na kwance shiru, ba lokacin da yake kuka ba. In ya kai haka asibiti za ka tura su, kada ka haɗa komai.